Tsoffin Kuɗin Azurfa na Girkawa: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Tarawa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin wanda ya fara sha'awar tsabar azurfar da biranen Girkawa suka buga shekaru sama da dubu biyu da suka wuce. Duk inda aka rubuta K.H. ana nufin kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A wannan lissafi lamba raguwa take yi yayin da zamani ke matsowa, wato 480 ta riga 413.

Ƙasa ɗaya ce ta buga su?

A'a. A wancan zamani babu wata ƙasa guda mai suna Girka. Birane ne ɗaruruwa masu cin gashin kansu, kowanne da dokarsa da abin bautarsa da ma'auninsa, da yawansu ma ba sa ga-maciji da juna. Wasu suna inda ƙasar Girka take a yau, wasu a gaɓar yammacin Turkiyya, wasu a kudancin Italiya da tsibirin Sisili, wasu a bakin Baƙin Teku. Akwai Masaliya, wadda ita ce Marsai ta Faransa, akwai Kirene a Libiya. Duk birnin da ya ji ya isa sai ya buga kuɗinsa.

Ba su ne suka fara ba. A ƙasar Lidiya da biranen da ke maƙwabtaka da ita a yammacin Turkiyya aka fara, wajen ƙarshen ƙarni na 7 K.H., da wani ƙarfe gaurayen zinariya da azurfa. An tono irin waɗannan na farko a harsashin haikalin Artemis da ke Afisa tsakanin 1904 da 1905. A zamanin Sarki Kirisus na Lidiya, wajen tsakiyar ƙarni na 6 K.H., aka raba ƙarafan: zinariya daban, azurfa daban. Daga nan tsibirin Ejina ya fara buga tasa azurfar mai hoton kunkurun teku, Korinti da Atina suka biyo baya. Masu tarawa sukan rufe babin a 30 K.H., shekarar da Kiliyobatira ta mutu Masar ta faɗa hannun Rumawa.

Yaya ake ƙera su?

Da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Masassaƙi zai ƙwaƙule hoton a juye a kan guntun tagulla ko ƙarfe mai tauri, yadda ake yanka hatimi. Biyu ake yi. Na farko a kafe shi a uwar maƙera, na biyu yana bakin wata gajeriyar sandar ƙarfe da ake riƙewa a hannu. A ɗora ɗan dunƙulen azurfa da aka riga aka auna a kan na ƙasa, a dafa shi da na sama, a maka masa masaba. Shi ke nan, kuɗi ya fito.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da zai gani a hannunsa. Idan mai bugun ya ɗan karkace, hoton zai zame gefe, hanci ko zankon kwalkwali ya faɗa waje. Idan ya buga sau biyu azurfar ta motsa, sai layuka su ninku. Ƙarfin bugun yakan tsattsaga bakin kuɗin. Hatimin kansa yana tsufa: in ya tsage, tsagar takan fito a matsayin siririn layi mai tudu a kan duk kuɗin da aka buga bayan nan, tana ƙara faɗi har a jefar da shi. Na sama ya fi saurin lalacewa domin shi ke shan guduma. Saboda haka babu guda biyu da suke daidai ta kowace fuska, ko da hatimi ɗaya ya haife su.

Nawa ne nauyinsu, kuma me suke saya a lokacin?

A ma'aunin Atina dirakma ɗaya giram 4.3 ce. Obol shida ke yin dirakma. Dirakma huɗu a dunƙule ita ce tetradirakma, giram 17.2, faɗinta wajen milimita 24, mai kauri. Dirakma 100 mina ɗaya, mina 60 talanti ɗaya, kusan kilo 26 na azurfa. Ejina nata ma'aunin daban ne, babban kuɗinta ya ɗan haura giram 12, na Korinti kuwa giram 8.6. Shi ya sa 'yan canji suke da tebura a kowace kasuwa da tashar jiragen ruwa.

Lissafin ginin haikalin Erekteyon a Atina, wanda aka sassaƙa a dutse wajen 409 zuwa 407 K.H., ya nuna ana biyan ma'aikaci dirakma ɗaya a yini. Mai zaman shari'a a kotun jama'a obol uku yake samu. Ke nan tetradirakma ladan kwana huɗu ce ta mai sana'a, ba kuɗin cefane ba. Na cefane su ne obol da gutsattsarinsa, har akwai mai giram 0.18. Tufafinsu ba su da aljihu, don haka mutane kan jefa ƙananan a baki in za su kasuwa. Marubucin wasan barkwanci Aristofanis ya yi ta tsokanar mutanen garinsu a kan wannan ɗabi'a.

Me ya kai mujiya kan kuɗi?

A wurinmu mujiya ba tsuntsuwar alheri ba ce, kukanta a kan rufin gida kan tayar da hankali. A Atina kuwa, birnin da ya sa ta a kuɗinsa, ita ce tsuntsuwar Athena, abar bautar da suke ɗauka uwar birnin kuma ma'abuciyar hikima da dabarun yaƙi. Wajen 510 K.H., ko kafin nan kaɗan, birnin ya tsayar da tambari guda ya daina sauye-sauye.

Ɗauki ɗaya ta ƙarni na 5 K.H. ka duba da gilashin ƙara girma. A gaba kan Athena ne yana kallon dama, da kwalkwali mai ganyen zaitun uku a goshi da wani zanen reshe mai lanƙwasa a bayan kunne. Fuskar a gefe take, amma idon an zana shi cikakke kamar tana kallonka gaba da gaba, leɓen kuma da ɗan murmushi. Juya baya: a cikin wani rami mai kusurwa huɗu mujiya ce tsaye, jikinta ya fuskanci dama, kanta ya juyo, idanu manya, gashin jiki ɗigo-ɗigo. Bayanta reshen zaitun mai ganye biyu da ɗa ɗaya, kusa da shi ɗan jinjirin wata. Gabanta haruffa uku, ΑΘΕ, gajarta ce ta "na mutanen Atina". Zaitun shi ne kyautar da suka ce Athena ta ba birnin, kuma man zaitun na cikin manyan hajojinsu.

Azurfar daga ramukan Lauriyon take, kudu maso gabas da birnin, inda bayi ke haƙo dutsen dalma a narka a tace azurfar daga ciki. Attajiri Nikiyas shi kaɗai yana da bayi dubu da yake bayarwa haya a can, obol ɗaya kowane kai a yini. A 483 K.H. aka ci karo da wata jijiya mai arziki, aka so a raba wa 'yan gari ribar, Temistokilis, ɗaya daga cikin shugabannin birnin, ya shawo kansu aka ƙera jiragen yaƙi da ita. Da waɗannan jirage aka karya rundunar ruwan Farisa a Salamis a 480 K.H. Da mutanen birnin Sipata, abokan gabar Atina, suka kafa sansani a Dekeliya kusa da ita a 413 K.H., bayi sama da dubu ashirin suka gudu, haƙa ta durƙushe, har birnin ya narka gumakan zinariya ya yi kuɗi da su, daga baya ya koma buga tagulla mai rufin azurfa. Wannan mujiyar ce dai ke kan tsabar yuro ɗaya ta ƙasar Girka a yau.

Atina ta shahara da gwanayen sassaƙa. Me ya sa kuɗinta ya tsaya a tsohon yayi?

Da gangan ne. A lokacin da ake gina Fartenon, babban haikalin Athena, masassaƙan birnin sun daɗe da iya zana ido daidai a fuskar da ke gefe, amma kuɗin ya ci gaba da fitowa da tsohon idonsa har farkon ƙarni na 4 K.H. Ɗan kasuwa a Masar ko Finikiya bai damu da fasaha ba. Abin da ya sani shi ne mai wannan fuska giram 17 ce ta azurfa kusan tsantsa. Taɓa hoton taɓa amanar ne. Kakanninmu sun san irin wannan da liyari, riyal ɗin Maria Theresa, wanda aka yi ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsa tsawon zamani bayan mutuwar matar, domin fatake daga Habasha har Borno da ƙasar Hausa ba sa karɓar wanda ya saɓa.

Karɓuwar mujiya ta sa wasu suka riƙa buga tasu: a Masar, a Falasɗinu, a kudancin Larabawa wajen Saba, har can Baktiriya a Afganistan ta yau. Waɗannan ba jabu ba ne, da yawansu azurfarsu mai kyau ce, kuma akwai masu tara su kaɗai.

To yaya zan karanta hoton da ke kan kowane kuɗi?

Fara da ɗaukarsa a matsayin tambarin gari. Aikinsa na farko ya ce wane birni ne ya tsaya wa nauyin wannan azurfa. Sauran ma'anoni a bayan wannan suke.

Mafi yawa abin bautar garin ne ko dabbarsa ko makaminsa. Ƙudan zuma da barewa na Afisa na Artemis ne. Gaggafa da tsawa na Zus ne, babban abin bautarsu. Doki mai fiffike na Korinti ya fito daga tatsuniyarsu ta jarumin da ya kama shi a wata maɓuɓɓuga da ke birnin da linzamin da Athena ta ba shi; ƙarƙashin cikin dokin akwai tsohon harafi Ϙ, farkon sunan garin a tsohon rubutu. Bijimi mai fuskar mutum a kuɗin Gela kogin garin ne aka siffanta. Wasu abin da suke nomawa suka sa: zangarniyar sha'ir ta Metafontiyon an sassaƙa ta ƙwaya-ƙwaya da gashinta, wani lokaci har da fara a maƙale a gefe. Wasu wasa suka yi da sunansu domin wanda bai iya karatu ba: Rodos ta sa furen wardi, Selinus ta sa ganyen seleri, saboda sunayen garuruwan sun yi kama da sunayen tsirran a harshensu.

Na Kirene ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanen tsibirin Tera ne suka kafa ta wajen 631 K.H. a kan tuddan gabashin Libiya, kusa da garin Shahhat na yanzu. Arzikinta wani tsiro ne, silfiyon, da ake sayar da ƙaronsa a matsayin magani da kayan yaji, ba ya yarda a shuka shi, sai dai a tsinko a daji. An cinye shi ƙarƙaf tun zamanin Rumawa. Yau da yawa daga abin da aka sani game da siffarsa, kaurin karansa da yadda ganye ke rungumar karan da tarin furen da ke sama, daga kuɗin aka san shi. A ɗaya fuskar akwai Zus Amon mai ƙahon rago, gamin abin bautar Girkawa da na Masarawa.

Sai gargaɗi. Ba kasafai magabata suka bar bayanin dalilin hoto ba. Inda suka bari, a riƙe: Aristotal ya faɗi cewa Anaksilas mai mulkin Regiyon ya ci tseren keken alfadarai a Olimfiya ya sa keken a kuɗinsa. Inda ba su bari ba, hasashe ne, ko da kuwa ya yi daɗin ji. Za ka karanta cewa jinjirin watan da ke bayan mujiya tunawa ne da daren wani yaƙi da Farisa. Wasu masana sun ce alama ce kawai ta tsuntsun dare. Za ka karanta cewa Ejina ta sauya kunkurun teku da na tudu domin Atina ta ƙwace mata jiragenta wajen 457 K.H. Sauyin gaskiya ne, ana ganinsa a ƙafafu da ɓawon bayan, lokacin ma ya yi kusa, amma babu wani na zamanin da ya rubuta cewa dalilin ke nan. Dillalai sun fi son labarin da ke sayar da kaya.

Sipata fa?

Ba ta buga azurfa ba a zamanin ƙarfinta. Sandunan ƙarfe suka yi ta amfani da su, sai a ƙarni na 3 K.H. Sarki Areyus ya buga tetradirakma. Wanda ya tallata maka "kuɗin Sipata na zamanin Liyonidas", sarkinsu da ya rayu tun kafin su fara buga kuɗi, ya gama gaya maka ko shi wane ne.

Wanne ne ya fi kyau a cikinsu?

Yawancin masu tarawa za su ce na Sirakus a Sisili, ni ma ban ga abin musu ba. A fuska ɗaya keken yaƙi mai dawaki huɗu a guje, Nike, abar bautar nasara mai fiffike, tana saukowa da kambi. A ɗayar kan Aretusa, aljanar maɓuɓɓugar ruwan daɗi da ke tsibirin Ortijiya dab da teku, dabbobin dolfin huɗu suna kewaye da ita. Hoton taswirar garin ne a taƙaice: ruwan sha a tsakiya, teku ta ko'ina.

A ƙarshen ƙarni na 5 K.H. masassaƙan birnin suka fara sa hannu a aikinsu, abin da ba a saba ba. Kimon yakan ɓoye sunansa a jikin dolfin ɗin da ke ƙarƙashin wuya, ko harafinsa na farko a ɗaurin goshi. Yuwainetos yakan sa nasa a ƙasa kusa da baki. Manyan ayyukansu dekadirakma ne, wato dirakma goma a dunƙule, giram 43, masu sulke da garkuwa da kwalkwali a jere ƙarƙashin dawakin. An daɗe ana cewa murnar karya rundunar Atina a 413 K.H. aka yi da su. Yanzu masana sun fi karkata ga zamanin Diyonisiyus na Ɗaya, daga wajen 405 K.H., mai yaƙi da Kartaj da sojan haya masu jiran albashi. Kartajawan da ake yaƙi da su ma sun kwafi kan Aretusa a nasu kuɗin.

Fuskar da ke kan kuɗin Iskandar Mai Girma tasa ce?

A kan waɗanda ya buga da ransa, a'a. Herakilis ne sanye da fatar kan zaki, jarumin da gidan sarautar Makidoniya ke cewa kakansu ne. A baya Zus ne zaune a karaga, gaggafa a tafin hannu, sanda a ɗaya hannun, da rubutu ΑΛΕΞΑΝΔΡΟΥ, "na Iskandar". Ya bi ma'aunin Atina, ya narka taskokin Farisa, aka yi ta bugawa daga Amfifolis har Tarsus da Sidon da Babila.

Ya mutu a Babila a 323 K.H., amma kuɗin bai mutu ba. Birane sun ci gaba da buga shi da sunansa sama da shekara 200. Don haka mafi yawan "Iskandar" da ke kasuwa bai taɓa ganinsu ba. Masu tarawa suna da wata 'yar dabara: in ƙafafun Zus a jere suke, galibi na farko-farko ne, in ɗaya ta harɗe a bayan ɗaya, galibi na bayan mutuwarsa ne. Galibi na ce. Hukuncin gaske yana ga ƙananan alamomi da haruffan da ke gaban gwiwar Zus da ƙarƙashin karaga, waɗanda Martin Price na Gidan Tarihin Birtaniya ya tsara a kundinsa na 1991. Lambobinsa ake kira har yau a wurin gwanjo.

Fuskarsa ta gaske magadansa ne suka sa. Batlamus a Masar ya nuna shi da fatar kan giwa, daga baya ya sa tasa fuskar, abin da Girkawan dā suke ƙyama ga mai rai. Lisimakus ya nuna shi da ƙahon rago a gefen kai, saboda ziyarar da Iskandar ya kai wurin bautar Amon a Siwa ta Masar. Wannan ƙaho na cikin abin da masu cewa Iskandar ne Zul-Ƙarnaini suke kafa hujja da shi. Malaman tafsiri da dama sun ƙi wannan magana, kuɗin kuwa iyakar abin da ya tabbatar shi ne yadda magadansa suka so a gan shi.

Ba su da shekara a jiki. Ta yaya ake sanin lokacinsu?

Ta hanyoyi da ke tallafar juna. Babba ita ce tarin da aka binne. Mutum ya zuba kuɗinsa a tulu ya binne saboda yaƙi bai dawo ba; wanda ya fi gogewa a ciki ya fi daɗewa yana yawo, mai sabon fita shi ne na kusa da ranar binnewa. Tarin da aka samu a Asyut ta Masar a 1969, kusan guda 900 daga birane masu yawa, an binne shi wajen 475 K.H., kuma ya sa an sake lissafin shekarun kuɗaɗe da dama. Ta biyu bin hatimai: tun da na sama ya fi saurin mutuwa, hatimin ƙasa ɗaya kan yi aiki da na sama biyu ko uku, a haka ake ƙulla sarƙar wanda ya riga wani. Ta uku kuɗin da aka buga a kan wani tsohon kuɗi, ana hango na ƙasan. Ta huɗu tarihi: birnin Kuroton ya rushe maƙwabciyarsa Sibaris a kudancin Italiya a 510 K.H., don haka manyan kuɗin Sibaris masu bijimi mai waiwaye sun riga wannan shekara.

Na ga wata mujiya da sara a tsakiyar kai. Lalacewa ce?

Gwaji ne na zamanin. Tun a lokacin akwai masu lulluɓe tagulla da siririn bangon azurfa, sai ɗan canji ya sa kurfi ya sare kuɗin ya ga cikinsa. An fi ganin haka a waɗanda suka yi yawo a Masar da Sham, inda ake auna azurfa a sikeli ba a ƙirga ta ba. Atina kanta ta yi doka a 375 K.H., an tono dutsen da aka rubuta ta a tsohuwar kasuwar birnin a 1970. Ta ce bawan hukuma zai zauna a tsakanin teburan 'yan canji yana gwada kuɗi. Na waje mai tambarin Atina in azurfarsa ta yi kyau a mayar wa mai shi; mai cikin tagulla ko dalma a sare shi a ƙwace. In mai gwajin ya bar wurin aikinsa, bulala hamsin.

Sara yana rage farashi sosai. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan dama ce.

Jabun zamani fa, yaya zan gane shi?

Sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram da gilashi mai ninka girma sau goma su ne kayan aikin farko. Tetradirakmar Atina da ta sauka ƙasa da giram 16 ba tare da alamar cin ƙasa ko guntulewa ba abar tuhuma ce. Na zubi ya fi sauƙin kamawa: layin haɗi a kewayen baki ko alamar an goge shi da magagari, ƙananan ramuka da ƙuraje na kumfar iska, zane mai laushi kamar ya narke. Na bugu yana da kaifi, kuma a filin da ke kewaye da hoto ana ganin siraran layukan da azurfa ta bi ta bazu. Duba tsagar baki: ta gaske tana shiga ciki da kaifi, ta zubi a cike take. In ka ga tagwaye a intanet, tsaga ɗaya, karkata ɗaya, gogewa ɗaya, to daga uwa ɗaya aka zuba su.

Masu haɗari su ne masu yanka sabon hatimi su buga da hannu. Bajamushe Carl Wilhelm Becker, wanda ya rayu daga 1772 zuwa 1830, yakan zuba sababbin kuɗinsa a akwati da garin ƙarfe ya ɗaure a gindin keken dokinsa ya yi ta yawo da su har su goge su yi kamar sun shekara dubu biyu. Aikinsa ya shiga manyan taskoki, yau ma ana tara shi da sunansa. Irin wannan sabon shiga ba zai kama shi ba, ko ya karanta me. Kariyarsa ita ce saye daga dillali ko gidan gwanjo da ya rubuta cewa zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗi duk ranar da aka tabbatar jabu ne. A lura, kamfanin NGC da ke rufe tsabar kuɗi a cikin roba yana ba da ra'ayinsa da darajar kyau, amma ba ya ba da garantin sahihanci ga na zamanin dā.

Doka ta yarda a mallake su?

A ƙasashe da yawa ta yarda, ana gwanjonsu a fili a Landan da Zurik da Munik da New York. Matsalar tana ga yadda kuɗin ya fito daga ƙasa. Girka da Turkiyya da Italiya da Masar duk sun ɗauki abin da aka tono a ƙasarsu mallakar hukuma, fitar da shi ba izini fasa-ƙwauri ne. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce ma'aunin da aka fi bi, shi ya sa kuɗin da ke da shaidar yana hannun wani kafin wannan shekara ya fi tsada. Amurka ta taƙaita shigo da wasu nau'o'i daga Kubrus tun 2007, daga Italiya da Girka tun 2011.

A 1984 wasu suka tono tulu a Elmali, kudancin Turkiyya, da kuɗi kusan 1,900, ciki har da dekadirakmar Atina 14, alhali waɗanda duniya ta sani kafin nan ba su wuce kimanin wannan adadi ba. Aka fitar da su a ɓoye, wasu attajiran Amurka suka saya da miliyoyin daloli. Bayan shari'a ta shekaru, a 1999 aka mayar wa Turkiyya guda 1,661. Asarar mai saye ke nan. Asarar ilmi ta fi: tarin da aka wargaza aka sayar ɗaiɗai ba zai ƙara gaya wa kowa shekarar komai ba. Tambayi tarihin hannun da kuɗi ya bi kafin ka tambayi farashi, kuma ka sani ana ƙirƙirar takardun ƙarya su ma.

Da wanne zan fara? Jari ne mai riba?

Dirakmar Iskandar ita ce ƙofar da aka fi shiga: tana da yawa, an yi mata cikakken kundi, ba ta da tsada in aka kwatanta. Ƙananan obol na biranen yammacin Turkiyya sun fi ta araha. Mujiya mai kyau takan ci ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu, dekadirakmar Sirakus dubbai gommai. A gwanjo ka tuna da la'adar gidan, wajen kashi 20 cikin ɗari a kan abin da ka taya, ga kuɗin aikowa da na kwastan.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ba idonka abinci. Gidan Tarihin Birtaniya, da ɗakin tsabar kuɗi na Balin, da Ƙungiyar Masana Tsabar Kuɗi ta Amurka da aka kafa a 1858, duk sun sa hotunan dubban kuɗinsu a intanet kyauta, da nauyi da bayani. Zaɓi birni ɗaya ko dabba ɗaya ka bi.

Batun riba, ban ba da shawarar a shiga don ita ba. Tari ɗaya in ya fito daga ƙasa yakan karya farashin nau'i guda, kamar yadda ya faru lokacin da mujiyoyin Atina suka cika kasuwa. Azurfar da ke jikin tetradirakma kuma ba ta kai ko kusa da abin da ka biya ba.

Akwai dangantaka tsakanin dirakma da dirhamin da muke karantawa a fiƙihu?

Akwai. Bayan Iskandar, daulolin Farisa sun ci gaba da buga azurfa da wannan suna da kusan wannan nauyi, daga wurin Sasaniyawa Larabawa suka karɓa. Dirhamin da ake ciniki da shi a Makka da Madina a farkon Musulunci na Farisa ne, da hoton sarkinsu a gaba da wurin bautar wuta a baya. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya cire hotuna ya mayar da kuɗi rubutu zalla, dinari a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami a ta 79. Wanda ke da damuwa kan ajiye abu mai hoton abin bautar wasu, wannan tambaya ce ta malamai.

In wanke shi ya yi haske?

Kada ka kuskura. Duhun da azurfa ke yi a hankali, toka-toka ko mai ɗan shuɗi, masu saye suna biyan kuɗi a kansa. Toka, lemun tsami, man goge baki, man goge ƙarfe, duk suna barin ƙananan ƙarce da ba sa gyaruwa. Tsohuwar azurfa kuma takan bushe ta ciki ta yi gautsi, in ta faɗi a siminti sai ta fashe, don haka a duba ta a kan tebur mai shimfiɗa, a riƙe ta ta baki da hannu mai tsabta. Kada a kai wa maƙeri ya huda ko ya liƙa mata kunne don sarƙa.

A ajiye kowanne shi kaɗai, a ambulan ɗin takarda marar asid ko a tire mai gurabe. A guji leda mai laushi ta PVC, tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, a kuma nisanta shi da robar ɗaure kuɗi. Da damina a sa ƙunshin shanye laima a akwatin. Ɗauki hoton gaba da baya, rubuta nauyi da faɗi da inda ka saya da ranar. Tsoffin 'yan takardun da suka zo tare da shi, ko da rubutun hannu ne da ya dushe da wani harshe da ba ka ji, a bar su a ambulan ɗaya da kuɗin, domin mai saye na gaba zai tambaye su.